Na Sayar wa Matafiya Makabartar Garinmu

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, da fatan kowa yana lafiya. Anti, don girman Allah ki ɓoye sunana, kar ki bar ko harafin farko, domin mu Hausawan garin nan ba mu da yawa, tari ɗaya za ka yi a san kai ne. Ku kuma masu sharhi na san halinku, ai ni ma cikinku nake. Na sha zazzaga wa mutane masifa a ƙarƙashin labarinsu ina jin kaina wata waliyyiya, yau ga ni a layi. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. In ma zagin ne ku ɗan rage, wanda nake yi wa kaina ya ishe ni.

Ina zaune a Greensboro, a Amurka. Karatu ya kawo ni, kimiyyar muhalli na karanta, na yi zaman haya a unguwar Glenwood cikin wani tsohon gida mai kukan katako, ina zuwa aji a ƙafa. Da na gama sai na samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ba zan faɗi sunansa ba. Sana'armu ita ce abin da ake kira kabon ofset. Ni da bakina na raɗa masa suna da Hausa, diyyar hayaƙi, kuma sunan ya bi bakin mutanenmu. Ga yadda abin yake. In ka hau jirgi, jirgin yana zubar da hayaƙin da ke ɗumama duniya. Sai a wajen sayen tikiti a ce maka ƙara ɗan wani abu, za mu kare maka itatuwa a wani wuri, su shanye kwatankwacin hayaƙin da kujerarka ta jawo. Amma akwai sharaɗi guda, kuma a kansa duk labarina ya rataya: dole itatuwan su zama waɗanda da ba don kai ba sare su za a yi. In dama can babu mai taɓa su, to ba ka kare komai ba, hayaƙinka yana nan a sama, kwanciyar hankali kawai ka saya. Wannan a aji na koya, na ci jarrabawarsa da maki mai kyau, saboda haka kar wani mai tausayi ya ce min rashin sani ne.

Lokacin da abin ya faru, takardun zamana a ƙasar nan a wuyan aikin suke rataye, kuma na daɗe ban kawo wa kamfani ko bishiya ɗaya ba. Shugabata, wata Baturiya mai fara'a, ta fara yi min irin murmushin nan nasu da kana gani ka san an kusa nuna maka ƙofa. Wata safiya muna mitin, an haska taswirar tauraron ɗan Adam a bango muna duba arewacin Najeriya, sai kewar gida ta ɗebe ni na matso da hoton daidai ƙauyenmu, don kawai in ga rufin gidanmu. Ko'ina ja ne, gonaki da fako, sai wani ɗigo guda kore shar a bayan gari. Ta ce, “Tsaya, mene ne wancan?” Wa zai fi ni sani? Makabartarmu ce.

Tun kakannin kakanni ake binne mutanenmu a can, shi ya sa ma ta zama kurmi. Tsamiya, kanya, marke, magarya, kuka, duk sun tsufa sun haɗe kai. A garinmu mace za ta yi doguwar tafiya neman itacen girki, ta wuce ta gefen makabarta ga busassun rassa zube a ƙasa, ba za ta ɗauki ko tsinke ba. Wa zai dafa tuwo da itacen makabarta? Ko ɓarawo ba ya yi. Sara ɗaya ake yi a wurin, in an yi rasuwa maza su yanki 'yan rassa su jera a kan ramin kafin a tura ƙasa, kuma kafin damina ta zagayo reshen ya sake tofowa. Wato a duk yankinmu babu itatuwan da suka fi waɗannan zama lafiya. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma na buɗe baki na ce mata, “Dajin al'umma ne.” Ta ce, “Ana sare shi?” Na ce, “Sosai ma. In ba a yi wani abu ba ƙarewa zai yi.”

Daga nan abin ya riƙa gangarawa da kansa. Na kira yayana, zan ce masa Yaya kawai, manomi ne, kuma yana cikin masu haƙa kabari don Allah in an yi rasuwa. Na ce ya ɗaukar min hoton duk inda aka sari reshe, da hoton manyan itatuwan daga waje, amma kar kabari ya fito. Ya ce, “Auta, me za ki yi da hoton kututture?” Na ce karatu ne. A gidanmu in na ce karatu ne an gama magana. Abin bai yi masa wuya ba, domin kaburburanmu ba irin na nan ba ne masu dutse da suna, tudun ƙasa ne da ruwan sama ke shafewa a hankali. Sai na sa ya haɗa ni da mai gari. Kun san yadda mutanenmu suke ɗaukar katange makabarta, aikin lada ne da ake tashi a masallaci a yi shela a kansa. Garinmu sun daɗe suna so saboda awaki da shanu suna tattake kaburbura, hali ne bai yi ba. Sai ga 'yarsu daga Amurka ta ce ta samo Turawan da za su kewaye wurin da waya kyauta, har da rijiyar burtsatse mai sola. Mai gari ya yi ta sa min albarka har muryarsa na rawa. Na roƙe shi kar ya ambaci sunana ga kowa, wai ina gudun riya. Ku ji fa, riya nake gudu.

Ranar ƙulla yarjejeniya ni ce tafinta a kiran bidiyo, daga can mai gari ne da Yaya riƙe da waya. Shugabata ta riƙa karanto sharuɗɗa ina juya su Hausa, har ta zo kan wanda ya ce tsawon shekara talatin ba sara, ba haƙa, ba tona ƙasa a cikin shingen. Na tsallake shi. Na ce da mai gari, “Ta ce a kula da wurin da kyau.” Ya ce, “Ai dama aikinmu ne, 'yata.” Ya dangwala hannu. Kun san me na gaya wa kaina? Na ce wa zai taso ya je ƙauyen da ko mota ba ta son zuwa don ya duba ko an haƙa rami? Mutanena za su samu shinge da ruwa, Turawa su samu hotonsu, ni in samu takarduna, matattu kuma ba ruwansu. Har wayo nake ganin na yi. Ni mace ce, ban taɓa taka cikin makabartar nan ba, iyakata bakin hanya, wataƙila shi ya sa ya zo min da sauƙi in kalle ta daga sama in ga kore kawai.

Kasuwa kuwa ta buɗe. Aka kewaye wurin da waya, aka haƙa rijiya, aka sa hoton itatuwanmu cikin shingensu a shafin kamfani, masu sayar da tikiti suka ɗauka, ni kuma aka daina yi min wancan murmushin. Ban tsaya nan ba, na kai tallan har cikin mutanenmu. Akwai wani Alhaji a Summerfield, nan kusa da mu, dattijon kirki, mai gida da fili har dawakan maƙwabta na leƙowa ta shinge, a gidansa muke haɗuwa duk Sallah. Na yi masa bayani ya saurara da kyau, sannan ya ce, “Wato 'yata, in na biya wannan, hayaƙin jirgina ya goge?” Na ce ya goge, Alhaji. Ya ce, “Kuma bishiya ce a ƙasarmu, tsuntsu ya ci, mutum ya sha inuwa?” Na ce haka ne. Ya ce, “To ai wannan sadaka mai gudana ce.” Da ma 'ya'yansa sun matsa masa da Turancinsu a kan ɗumamar yanayi har ya rage tafiye-tafiye. Yanzu ya samu amsar ba su. Ya koma Umara a kai a kai, yana biya wa kansa diyya yana biya wa duk wanda ya bi shi, har ya sa aka wanke masa hoton itatuwan babba ya rataya a gidansa. Bawan Allah, da zuciya ɗaya yake yi.

Ashe masu duba ramin suna nan. Kamfani ya ɗauki wani jami'in sa ido daga birni, yana zuwa lokaci zuwa lokaci da abin awonsa. Ya je ya tarar an yi jana'iza, an tona ƙasa, an yanke saiwa, an sari rassa. Aka ce masa makabarta ce, ya ce shi ba ruwansa da ko mece ce, abin da aka dangwala wa hannu ya sani, shi ma abincinsa a nan yake. Ya karanta wa mai gari sharaɗin nan da Hausa tsantsa, ya ce in aka sake za a kwashe solar rijiya kuma magana ta kai kotu. Tsoho ya tsorata. Aka sa kwaɗo a ƙofa, aka ɗauki samarin gari biyu gadi, 'ya'yan mutanen da ke kwance a ciki. Rahoton ya zo teburina, domin aikin nawa ne. A nan Allah ya ba ni damar in tashi in faɗi gaskiya, sai na ce wa shugabata ƙaramar matsala ce kuma an shawo kanta.

To mutuwa ai ba ta jira a buɗe kwaɗo. Mai gari ya ba da wata gonarsa a yi sabuwar makabarta, aka sare gawo da ɗorawar da ke ciki don a samu fili. Itacen jerawa a kabari kuma, da ake yanka daga reshe, yanzu sai an je wani wuri an kayar da bishiya sukutum. Masu tambaya ko diyyar nan tana rage wani abu, ni ba zan yi magana a kan ta kowa ba, ƙila akwai masu yi tsakani da Allah. Tawa na sani. Itatuwan da na ce na kare babu mai niyyar taɓa su, waɗanda ba sa cikin taswirata an sare, jirage kuma sun tashi har da ƙari. Mai gari har yau yana ɗauka ni ma Turawa ne suka yaudare ni. Yaya ne kaɗai ya gane. Ya kira ni ya ce, “Auta, hoton nan da kika sa na ɗauka.” Sannan ya ce, “Ban ambace ki ga kowa ba, kuma ba zan ambace ki ba. Amma ki sani ni nake haƙa a sabon wurin. Ƙasar tauri gare ta, kuma ba inda mutum zai tsaya rana ba ta dake shi ba.” Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Yanzu ga inda abin ya zo ya same ni har cikin ɗakina. Mahaifiyata, Inna, duk wannan bidiri ba ta gari. Tana Kano wajen ƙanwarta tana jinyar ciwon ƙoda, daga can na ɗauko ta zuwa nan. Kun san yadda muke ɓoye wa mara lafiya labari mara daɗi, ba wanda ya gaya mata an kulle makabarta. Ita kuwa duk nata suna can. Babanmu yana can, mahaifiyarta tana can, da yara biyu da ta haifa kafin ni waɗanda ba su kai yaye ba. Inna ba ta taɓa kiran sunansu a gabana ba, kara irin ta iyayenmu. Ita ma ba ta taɓa shiga ba. Amma akwai wata tsamiya da aradu ta taɓa tsagawa, ana hango ta daga hanyar rijiya, Baba ya gaya mata a gindinta aka kwantar da su, shi ma da ya rasu kusa da nan aka sa shi. Tun ina yarinya na san in mun zo daidai wurin Inna takan rage tafiya, leɓenta na motsi, ko da tulu a kanta.

Da ƙaramar Sallah na kai ta gidan Alhaji ta ga mutane. Muna wucewa ta wani lungu zuwa wajen mata, tana dogara sandarta, sai ta tsaya cak a gaban hoton nan. Ba kowa a wurin sai ni da ita. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Auta, me hoton makabartarmu yake yi a bangon mutane? Ga tsamiyar nan.” Na ce, “Inna, wasu bayin Allah ne suka katange ta, Alhaji yana cikin masu taimakawa, amma ba ya so a yi masa maganar.” Ta kai yatsa ta shafa wayar shingen ta kan gilashi. Ta ce, “Yanzu awaki ba za su ƙara taka min yara ba. Wanda ya yi wannan, Allah ya katange shi daga wuta.” Ranar har shinkafa ta ci da yawa. Ni kuwa, wallahi kunya ba ta hana ni jin daɗin addu'ar ba, na karɓe ta na sa a aljihu kamar na cancanta.

Bayan nan ba da daɗewa ba aminiyar Inna ta rasu a can gida, wadda suka tashi tare aka yi musu aure shekara ɗaya. Wata maƙwabciya ta aiko da saƙon murya na ta'aziyya. Ina kicin da hantsi ina dama mata kunu, ita kuma ta ƙure ƙarar wayar yadda ta saba, sai na ji matar tana cewa an kai ta sabon wuri, can gonar mai gari, tunda dai tsohuwar makabarta an kulle ta ba a binne kowa sai bayan shekara talatin. Inna ta sake kunna saƙon. Sannan ta ce in kira mata Yaya, na kira na miƙa mata ina tsaye. Ta ce, “Gaya min gaskiya.” Ya gaya mata, ya ce an sayar wa masu hawa jirgi itatuwan ne, an ɓoye wa mai gari sharaɗi. Ta ce, “Wa ya ɓoye?” Na ji numfashinsa ta cikin wayar. Ya ce, “Allah ya sani, Inna.”

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Da muka idar da La'asar, tana zaune a kujerar da take salla a kai, ta ɗaga hannu ta ce da murya a fili, “Ya Allah, duk wanda ya sayar da makwancin iyayenmu, ya shiga tsakanina da mijina da 'ya'yana, Allah ya isa. Ban yafe ba duniya da lahira. Yadda ya raba ni da nawa, ka raba shi da nasa.” Matar da ban taɓa jin ta zagi ko kaza ba. Ta juyo ta ce, “Auta, ba ki ce amin ba.” Jama'a, me za ku ce in ku ne? Na ce amin. Tun daga ranar ba ta taɓa fashi ba, bayan kowace salla sai ta yi, kuma sai ta jira ta ji nawa.

Likita ya riga ya zaunar da ni ya ce sun yi iyakar abin da za su iya, in tana da inda take so ta je, a kai ta tun jikin yana ɗaukar tafiya. Inna ta ji a jikinta ko ba a fassara mata ba. Ta ce in mai da ita gida. Ta ce za ta sa a ɗauke ta a ajiye a bakin ƙofar makabartar, ta ga yaron da zai kalli idonta ya hana. “In sun ga tsohuwa zaune a rana za su buɗe. Ke kuma da kika san Turanci sai ki yi musu magana.” Ni take so in je in yi magana. To ga laifin da ya fi wancan, wanda nake cikinsa yanzu haka da nake rubutun nan. Ina ja mata tafiyar. Na ce fasfonta yana da matsala, ƙarya ne. Na ce likita yana so ya ƙara ganinta, ƙarya ne. Na ce jirage sun cika, wannan ma ƙarya ne. Domin na san tana sauka garin, mai gari zai zo gaishe ta, kuma da kyakkyawar niyya zai ce mata kar ta ga laifin Auta, ita ma yaudararta aka yi. Inna ba yarinya ba ce, daga nan za ta haɗa sauran. Har na je na duba ɓangaren Musulmi a wata makabarta a nan, na tsaya ina kallon ciyawar da aka aske, ina cewa a raina ai nan ma ƙasar Allah ce. Wato jira nake uwata ta mutu a baƙon wuri don kar ta san ni ce. Na rubuta shi, na karanta, kuma haka yake.

Ban san ko abin da ke damuna yana da suna a asibiti ba. In ina tuƙi a titin Gate City Boulevard zan je shagon 'yan Afirka sayo mata kuka da daddawa, jirgi ya wuce ta sama, sai in ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika min mota, alhali ko hadari babu. A ofis in na buɗe kwamfuta ɗigon nan kore ne yake fara tarbata, ga saƙonnin matafiya a ƙasa suna godiya, wata ta ce yanzu tana zuwa hutu da zuciya fes. Ina kallon ɗigon sai in ga kamar mutane ne tsaye a bayan waya suna kallona, ba fushi a fuskarsu, jira kawai suke. Baba yana gaba. Kuma abin da cikin Inna yake karɓa yanzu kunun tsamiya ne kawai. Kullum da safe ni ce mai jiƙa tsamiyar, in matse ta da hannuna, in tace. Na daina iya ɗanɗanawa, sai dai in ƙiyasta sukarin.

Na juya maganar ta kowace fuska. In na je na faɗa wa kamfani gaskiya, aikina ya tafi, takarduna su bi shi, wataƙila har da shari'a, kuma wannan na yarda na jawo wa kaina. Amma za a kwashe solar rijiyar da mata suka huta da ita, za a ja mai gari da Yaya cikin bincike, Alhaji da duk wanda ya bi bakina za su san me suka saya, kuma ko an soke yarjejeniyar, irin wannan abu wata da watanni yake ɗauka kafin a cire kwaɗo. Inna ba ta da watanni. In na faɗa mata, zuciyar da ke tafiya da ƙyar za ta ɗauka? In ta yafe min don ni 'yarta ce, ta mutu da sanin cewa bakinta ya kama autarta, wannan wane irin guzuri na ba ta? In kuma ba ta yafe ba fa? In na yi shiru na kai ta, wani zai gaya mata a gabana. In na yi shiru na riƙe ta a nan, kun ji abin da na zama. Malaman da ke shafin nan, ku gaya min, Allah ya isan uwa tana kama ɗa ko da ba ta san shi take yi wa ba? Kuma amin ɗin da nake cewa, a kan wa ake rubuta shi?

Jikinta ya ƙara sauka a makon nan. Yau da Azahar ta idar da salla a zaune, ta yi ƙoƙarin ɗaga hannu suka ƙi ɗaguwa, suka koma kan cinyarta. Ta sake gwadawa, suka sake faɗuwa. Sai ta dube ni ta ce, “Auta, zo ki tallafa min.” Na durƙusa a gabanta, na sa tafukana a ƙarƙashin nata na ɗaga su sama. Ba nauyi ko kaɗan. Ta yi addu'ar tun daga farko har ƙarshe, a hankali, tana hutawa tsakanin kalma da kalma, ni ina riƙe da hannun. Da ta gama na ce amin, na shafa mata a fuska. Ta ce, “Allah ya yi miki albarka. Da ba ke, da ko roƙon ma ba zan iya ba.”

La'asar ta kusa, kuma za ta sake kirana. Don Allah, me zan yi?